Zauren gwanjo, intanet ko baje koli: ina ya fi dacewa a sayi tsofaffin katunan wasiƙa?

Bayanin da gidan gwanjo yake rubutawa a kan tsibin katuna bai cika wuce layi ɗaya ba: albam guda, kati kimanin 300, yawancinsu na kafin 1914, wasu da tabo. Sai hotuna huɗu ko biyar na shafukan da suka fi ɗaukar ido. A tsakanin wannan layi da abin da yake cikin albam ɗin ne ake cin riba ko a tafka asara. Wanda ya je ya juya katunan da hannunsa ya san abin da yake tayawa, wanda kuwa ya tsaya ga hotuna biyar cinikin biri a sama yake yi.

Babban amfanin zuwa gwanjo da ƙafa yana ranar duba kaya ne, wato kwana ɗaya ko biyu da ake buɗe ɗaki kafin a fara sayarwa. Ɗaga hannu a zaure yana da madadi har uku, amma taɓa kati ba shi da madadi. Saboda haka kafin ka tambayi kanka ko zaure za ka je ko intanet za ka hau, fara da abin da kake nema. Idan tsibi ne, wato duk abin da aka haɗa ƙarƙashin lamba ɗaya kamar albam ko kwali cike da katuna, gwanjo ne gidansa. Idan kati guda kake farauta don cike gurbi a tarinka, a mafi yawan lokuta gwanjon zaure shi ne hanya mafi tsada da za ka bi.

Abin da ake dubawa da hannu

Kayan aikin ba su da yawa: gilashin ƙara girma mai ninki goma irin na masu gyaran agogo, ƙaramar tocila, tocilar nan mai haske shuɗi da ake duba jabun kuɗi da ita, rula mai milimita, fensir da kundin gwanjon da aka buga a takarda. Biro a bar shi a aljihu, gidaje da yawa ba sa yarda a kusanci takarda da tawada.

A fara da bayan kati, domin can ne shekarunsa suke. Katin gidan waya na farko ya fito a daular Ostiriya da Hangari ranar 1 ga Oktoba 1869, kuma shekaru da dama bayan nan doka ta keɓe bayan kati ga adireshi kaɗai, shi ya sa za ka ga masu aikawa sun cusa saƙonsu a ɗan farin fili da ke gefen hoto. Layin da ya raba baya gida biyu, hagu na saƙo dama na adireshi, Birtaniya ce ta amince da shi a 1902, Faransa a 1904, Jamus a 1905, Amurka kuma ranar 1 ga Maris 1907. Kati marar layi daga waɗannan ƙasashe ya riga waɗannan shekaru a bisa galibi. Na Amurka suna da ƙarin alamomi: masu farin gefe sun yawaita daga kusan 1915 zuwa 1930, masu fuska kamar saƙar yadi da launi mai ƙarfi daga 1930 zuwa tsakiyar shekarun 1940, masu sheƙi kamar hoton zamani kuma sun fara daga 1939. Kamfanin Curt Teich na Shikago ya sauƙaƙa wa mutane aiki, don daga 1930 lambar da yake bugawa tana faɗin shekara: harafin A na shekarun 1930 ne, B na 1940, C na 1950, lambar da ke gaban harafin kuma ita ce shekarar, ta yadda lamba mai farawa da 7A ta 1937 ce. Gidan gwanjo da zai ɗauki hoton bayan kati 300 da wuya a same shi.

Sai gilashi. A nan ne ake bambance katin da aka wanke a kan takardar hoto da wanda injin ɗab'i ya buga, kuma bambancin farashinsu yakan ninka sau da yawa ko da hoton iri ɗaya ne. Hoto na gaske, idan ka ɗora masa gilashi, inuwarsa tana tafiya sumul daga fari zuwa baƙi ba tare da ɗigo ko ɗaya ba. Bugun inji na jarida yana nuna ɗige-ɗige a jere kamar raga. Akwai wani bugu da ya mamaye katunan Turai kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ido kawai yake ɗauka hoto ne, amma a ƙarƙashin gilashi sai ka ga ƙananan zane masu murɗewa kamar tsutsotsi. Shi ma na asali ne, sai dai bugu ne, an yi shi da yawa, kuma bai kai hoto na gaske daraja ba. Kwafin kwanan nan da aka fitar da firinta yana nuna yayyafin launuka barkatai, har a wurin da ya kamata ya zama toka zalla.

Katunan hoto na gaske sun bazu ne bayan Kodak ya fito da kyamara mai lamba 3A a 1903, wadda fim ɗinta daidai yake da girman kati. Mai hoto na ƙaramin gari yakan wanke kwafi kaɗan na tashar jirgi, ko gobara, ko ma'aikata a ƙofar masana'anta, ya sayar a shagonsa, shi ke nan. Wannan ƙarancin ne ake biya. A kusurwar da ake liƙa kan sarki akan ga sunan takardar. Idan AZO ce, kuma ƙananan alamomi masu kusurwa uku guda huɗu duk suna kallon sama, ana ɗora ta tsakanin 1904 da 1918. Idan biyu na kallon sama biyu na kallon ƙasa, 1918 zuwa 1930. A tuna cewa wannan shekarun takarda ne, mai hoto yana iya wanke tsohon fim a kan sabuwar takarda bayan shekara goma.

Tocila mai haske shuɗi aikinta ɗaya. Tun daga shekarun 1950 masana'antun takarda suke zuba sinadarin ƙara fari, wanda yake walƙiya a ƙarƙashin wannan haske. Katin da aka ce na 1905 ne, ya kama walƙiya fari fat, magana ta ƙare. Rashin walƙiya kuwa ba shaidar tsufa ba ce, domin har yau ana yin takarda marar sinadarin. An fi buƙatar wannan gwaji a kan katunan masu zane da aka yi ta kwafa, irin na Alphonse Mucha da na ƙungiyar masu zane ta Wiener Werkstätte ta birnin Biyana.

Tocila ta yau da kullum kuma a kwance ake haska ta, a gefen kati, ta yadda haske zai shafi fuskarsa. Layin ninki da aka danne da dutsen guga, ramin da fensir ya bari bayan an goge tsohon farashi, wurin da aka ɓamɓare kan sarki takarda ta yi siriri, duk sai su fito. Na'urar ɗaukar hoton takarda tana haskawa ne kai tsaye, ita ce ma take ɓoye irin wannan lahani, ba sai mai sayarwa ya yi niyyar cuta ba. Rula kuma tana kama katin da aka datse wa gefe don ɓatar da tsagewa. Tsohon kati yana kusan santimita 9 da 14, akwai ɗan bambanci tsakanin kamfanoni, amma idan kati ya gaza 'yan'uwansa na jeri ɗaya da milimita biyu ko uku, kuma bakinsa ya fi fuskarsa fari, an sa masa almakashi.

Hanci ma yana da aiki. Kwalin da ya shekara a ɗaki mai laima yana wari tun kafin ka ga ɗige-ɗige masu launin tsatsa, kuma fumfuna tana bin sauran takardu idan ka haɗa su wuri ɗaya. Warin hayaƙin taba yana daɗewa a jikin takarda. Babu hoton da zai faɗa maka wannan.

Shi kansa albam ɗin a dube shi. Wanda aka soke kusurwoyin katuna a cikin tsagar shafi yana barin ɗan shati a kusurwa, wannan masu tara kati sun saba haƙuri da shi. Wanda aka liƙa da gam, musamman a kan baƙar takarda, yana cinye bayan kati, kuma yawancin darajarsa ta tafi. Albam mai shafi mai danƙo da leda a sama, wanda ya yi tashe a shekarun 1970, yana barin layuka masu ruwan ƙasa da ba sa fita. Zaro kati biyu ko uku daga farko, tsakiya da ƙarshe, da izinin ma'aikacin ɗakin. Sannan ka lura da guraben da babu kati. Albam mai shafuka cike da katuna, amma shafin da aka rubuta sunan wani gari ko wata tasha a ƙasa ya zama fanko, an riga an tsince shi kafin ya iso gwanjo, ragowa ce ake tallata maka.

Yadda ake yi wa tsibi kuɗi

Ba a ƙirga kwali kati-kati, lokaci ba zai isa ba. Ƙirga 50, auna kaurinsu da rula, auna tsawon jerin duka, ka ninka. Wannan ya isa ya nuna ko “kimanin 800” na kundi gaskiya ne ko 500 ne a cikin ledoji masu kauri.

Daga nan sai tsinta. A kusan kowane tsibi katuna kaɗan ne suke ɗauke da kuɗin. Katin gaisuwar biki, furanni, manyan majami'u da gine-ginen da kowane ɗan yawon buɗe ido ya aika gida, an buga su da miliyoyi a shekarun da ke tsakanin farkon ƙarni na 20 da Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma tsufansu bai ƙara musu komai ba. Abin da ake nema shi ne titin ƙaramin gari mai mutane a ciki, gaban shago da sunan mai shi a allo, tashar jirgin ƙasa da aka rushe, masu sana'a suna bakin aiki, haɗari ko ambaliya, jiragen sama na farko, da katin da mai zane sananne ya sa wa hannu. Wani lokaci ma darajar tana baya, a hatimin gidan wayar da aka daɗe da rufewa, ko na jirgin ruwa, ko tambarin mai tace wasiƙun soja. Rubuta waɗannan a gefen kundinka, ka sa wa kowane farashin da aka sayar da irinsa, ba wanda ake nema ba. A kasuwar intanet ta eBay akwai wurin tace sakamako don ganin abin da aka riga aka sayar, shi ne ma'auni. Katin da ya shekara uku a rataye da babban farashi bai nuna komai ba sai burin mai shi.

Jimlar waɗannan zaɓaɓɓu ita ce darajar tsibin, sauran ka ɗauke su gyara. Dillalin da ke gefenka haka yake lissafi, sai dai shi dole ya bar wa kansa riba da kuɗin shekarun da kaya za su yi a hannunsa, don haka yakan tsaya nesa da farashin ɗai-ɗai. A nan mai tarawa don kansa yake da ɗan rinjaye: yana iya wuce dillali da taki ɗaya ko biyu kuma har yanzu ya saya ƙasa da abin da zai biya a teburin wannan dillalin wata mai zuwa. Rinjayen yana ɓacewa idan kati shida kaɗai kake so cikin 300, kuma ba ka da niyyar zaman sayar da sauran 294. Mutane da yawa ba sa sa wannan aiki a lissafi, sai kwalaye su taru a gida.

Kuɗin da guduma ba ta faɗa

Farashin da aka buga guduma a kansa ba shi za ka biya ba. Akwai la'adar mai saye, wadda gidajen gwanjo na Christie's da Sotheby's suka shigo da ita Landan a 1975 a kan kashi 10 cikin ɗari, yanzu kuma a gidaje da yawa tana tsakanin kashi 20 da 30. A Birtaniya ana ɗora harajin VAT na kashi 20 a kan la'adar. Misali da lissafi: guduma ta faɗi a fam 200, la'ada kashi 25 fam 50 ke nan, haraji a kanta fam 10, jimla 260. Idan ta dandalin intanet na wasu ka taya, irin su the-saleroom, LiveAuctioneers ko Invaluable, akan ƙara wasu kashi kaɗan, sau da yawa har kusan 5, ga kuɗin ɗauri da aikawa.

Saboda haka daga baya ake fara lissafi. Idan abin da ka yanke wa tsibi 260 ne, ka raba da 1.3, iyakar hannunka 200. Rubuta wannan adadi da fensir a gefen lambar tsibin tun kana ɗakin duba kaya, lokacin da kanka yake a sanyaye. Kuɗin mota, masauki da ranar aiki da ka rasa su ma a raba su a kan abin da kake sa ran samu. Tafiyar da za ta ci 80 domin tsibi ɗaya na 100 ba ta da ma'ana. Domin tsibi shida ko bakwai da ka sa wa ido, tana da ita, ko da biyu kaɗai ka dawo da su.

Ƙiyasin da ke cikin kundi kada ya ruɗe ka. Gidajen gwanjo sun san ƙaramin ƙiyasi yana jawo jama'a. A ƙarƙashinsa kuma sau da yawa akwai ɓoyayyen farashin da mai kaya ya ce ba zai sallama ƙasa da shi ba, wanda a al'ada ba ya wuce ƙaramin adadin ƙiyasi. A ƙasashe da dama mai guduma yana da damar ya riƙa taya wa mai kaya har a kai wannan iyaka, don haka hannun da yake nunawa a bayan zaure a farkon tayi ba lallai mutum ne ba.

Zaure, takarda, tarho da allon kwamfuta

A zaure ana rajista da katin shaida, wani wuri har da katin banki, a ba ka allo mai lamba. Gwanjon takardu yana gudu, tsibi kusan ɗari a awa ba abin mamaki ba ne, wato ƙasa da minti ɗaya kowane. Tayi yana hawa da taki na kusan kashi 10: daga 100 zuwa 110 zuwa 120, bayan 200 kuma a koma hawa da 20. Amfanin zama a ciki shi ne kana ganin wanda kake karawa da shi, kana iya neman rabin taki idan mai guduma ya yarda, kuma kana iya sauya shiri nan take: tsibi na 40 ya kuɓuce, kuɗinsa ya koma kan na 112. Tsayawa a baya ko a gefe ya fi zama a gaba, don daga nan ake ganin zauren duka. Akwai kuma abin da sai wanda ya zo da safe yake kamawa. Kwalaye sun kwana biyu ana juya su, katuna suna ƙaura daga wannan kwali zuwa wancan, wani ya tura mai kyau can ƙarshe don kada na bayansa ya gani, wani lokaci kuma kati ya yi ɓatan dabo. Sake leƙa zaɓaɓɓunka kafin a fara. Idan biyu daga cikin shida ba sa nan, ka sanar da ma'aikata kuma ka rage adadin da ka rubuta.

Illar zaure ita ce zafin kai. Ana kallonka, abokin karawa bai sauke hannu ba, taki ɗaya kawai ya rage, sai ka tsinci kanka a 280 a kan abin da ka rubuta wa 200, kuma da la'ada da haraji ya zama 364. Wani dillali kuma yakan bi sabon shiga da gangan ya hau masa farashi don ya ƙarar masa da kuɗi kafin a iso tsibin da shi yake so. Idan wasu suka zo maka da shawarar ku daina karawa da juna, ɗaya ya saya da araha ku raba daga baya, ka kauce. A Birtaniya dokar 1927 ta haramta wa dillalai irin wannan haɗin baki, kuma wasu ƙasashe suna da makamanciyarta.

Tayin takarda shi ne ka bar wa gidan iyakar abin da za ka biya, su taya maka a mafi ƙarancin da zai ci. Ga mai saurin zafi babu abin da ya fi shi, musamman idan ya riga ya je duba kaya. Yana da tarko ɗaya. Idan ka bar 200, kuma hawan taki ya zo ta yadda mutumin zaure ne ya faɗa a kan 200, shi zai ɗauka a daidai adadinka. Wasu gidaje suna karɓar umarnin ƙarin taki ɗaya domin wannan, sai ka tambaya. Idan mutum biyu suka bar adadi ɗaya, wanda takardarsa ta riga isa ne yake ci, don haka ba a jinkirta aikawa.

Tayi ta tarho sai an shirya shi tun ana gobe, kuma gidaje da yawa ba sa bayarwa sai ga tsibi mai ɗan tsada. Tayi kai tsaye ta intanet kuwa yana da jinkirin daƙiƙa ɗaya ko biyu tsakanin abin da ke faruwa a zaure da abin da kake gani, kuma idan tayinka ya zo tare da na mai ɗaga allo, mai guduma yakan ɗauki wanda yake gabansa. Layi yana iya yankewa daidai kan tsibinka. Idan dole ta nan za ka bi, nemi rahoton lafiyar kaya a rubuce kwana uku ko huɗu kafin ranar, ka roƙi hoton bayan katuna da na shafukan tsakiya, kuma ka yi tambaya mai amsa ɗaya: an liƙa su ne ko an soke su, guda nawa ne hoto na gaske, akwai warin laima. Sannan ka taya ƙasa da abin da za ka taya da ka gani da idonka.

A ganina mafi kyawun haɗi ga yawancin masu tarawa shi ne a je duba kaya da ƙafa, a bar tayin takarda, a koma gida. Zaman zaure ya fi dacewa da mai tsibi da yawa a jerinsa, wanda kuma ya san zai iya sauke hannu.

Wane irin gidan gwanjo

Gidan da ya ƙware a katuna da kan sarki yana rarraba kaya bisa jigo, yana bayani daidai, yana fitar da kati mai tsada ya tsaya shi kaɗai. Kuskure kaɗan ne, amma kowa a zauren ya san abin da yake kallo, kuma farashi yana kaiwa inda ya kamata. Gwanjon kayan gado na gama-gari, inda kwalin katuna yake zaune tsakanin agogon bango da kwanuka, shi ne inda ake dace, domin mai rubuta kundin bai da lokacin buɗe kwalin. Sai dai wannan dace ya ragu tun da kundaye suka hau intanet, kuma dillalai suka sa na'ura tana sanar da su duk inda kalmar kati ta fito. Abin da ya rage wa mai zuwa da ƙafa shi ne tsibin da aka yi wa mummunan bayani, irin “kwalin takardu da hotuna”, wanda binciken kalma ba ya kamawa.

Idan kati guda kake nema

Baje kolin katuna ya ba ka kusan duk abin da ɗakin duba kaya yake bayarwa, ba tare da la'ada ba. Dillalai suna jera kwalaye bisa ƙasa, gari da jigo, farashi a rubuce da fensir a bayan kati ko a kan ledarsa. Kana zaune da gilashinka, babu agogo a kanka, ka ware goma ka mayar da bakwai, ka nemi ragi a kan ukun da suka rage, kuma akan yi ragi ga wanda ya ɗauki da dama. Farashin kowane kati ya fi na sari, amma ba ka sayi 294 da ba ka so ba. Ga sabon shiga nan ne makaranta: wuni ɗaya na juya katuna dubu yana koya wa yatsu kaurin tsohuwar takarda fiye da karatun wata guda. Ladabin wurin shi ne ka sa alama inda ka zaro kati, ka mayar da shi gurbinsa. Dillalin da ya san abin da kake tarawa yakan ajiye maka kafin ya baza a tebur.

Kasuwannin intanet kamar eBay da Delcampe, wanda aka kafa a Beljiyam a 2000 kuma ya fi ƙarfi a katunan Turai, sun fi kowa faɗi. Ƙauyen da za ka shekara biyar kana nema a baje koli, a nan sunansa kawai za ka rubuta, har da tsohon rubutunsa na zamanin da aka buga katin. Gwanjon eBay yana rufewa a ƙayyadadden lokaci, shi ya sa gogaggu suke jefa tayinsu a daƙiƙun ƙarshe, alhali gwanjon intanet na gidajen gwanjo yakan ƙara mintuna duk lokacin da sabon tayi ya shigo a ƙarshe. Kada ka sayi katin da ba a nuna bayansa ba. Kariyar mai saye a nan ta fi ta zaure: idan kaya ya saɓa wa bayaninsa akwai hanyar mayarwa. A Birtaniya da Tarayyar Turai, damar fasa ciniki cikin kwana 14 da doka ta ba mai sayen kaya daga nesa a hannun ɗan kasuwa ba ta shafi gwanjon da jama'a suke iya halarta ba, ko da kai ta intanet ka taya.

Bayan guduma ta faɗi

A gwanjo kaya yadda ka gan shi haka ka saye shi. Sharuɗɗan gidaje da yawa suna karɓar mayarwa ne kawai idan an tabbatar kaya jabu ne, cikin 'yan kwanaki, kuma a gwanjon kan sarki da katuna an saba cire albam da tsibi mai haɗe-haɗe daga wannan dama gaba ɗaya. Ana ba da kwanaki kaɗan na biya da ɗauka, bayan su kuɗin ajiya ya fara hawa. Wasu gidaje ba sa ɗaure kaya, sai su haɗa ka da kamfanin aikawa mai nasa farashi, kuma kati dubu yana kai kilo huɗu ko fiye kafin a sa nauyin albam. Idan kayan za su tsallake iyaka, ga kuɗin kwastan. Tsibin da bai sayu ba kuma bai mutu ba: je teburin biya bayan an tashi ka ajiye tayi, za a tuntuɓi mai kaya, kuma mutumin da kayansa ya dawo masa yakan sassauta.

Wanda ya ɗauka da hannunsa ya ƙirga zaɓaɓɓun a gaban ma'aikaci kafin ya sa hannu a takardar karɓa. A gida kuma sabon kwali ya zauna shi kaɗai na 'yan makonni a wuri busasshe, nesa da sauran tarin, har a tabbatar babu fumfuna ko ƙwaro. A cire duk robar ɗauri da ƙarfen maƙale takarda. Tsofaffin ledoji masu laushi da warin roba, waɗanda aka yi da PVC, a zubar da su, domin man da ke jikinsu yana jan tawada yana mannewa a fuskar hoto. A sauya da na polypropylene ko polyester, kati ɗaya a leda ɗaya, a jera su a tsaye a kwali marar asid, ba a danne ba kuma ba a sake ba.